Kujerar Yaya

Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka da kyau a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma hawan jinin nan ya lafa, kana shan maganinka ba sai an bi ka da shi ba. Mu ma nan lafiya muke, sai godiya. Maigidana yana gaishe ka, ya ce in gaya maka babu hannunsa a wannan takarda.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa daga wadda take da lambar wayarka. Na kira har na gaji. Kullum Sakatarenka ne ke ɗauka, ya ce Baba Shugaba yana taro, ko yana addu'a, ko yana hutawa. Na ce masa wadda kuka sha nono ɗaya ce take nema, ya ce in yi haƙuri akwai mutane a gabana. Shi ya sa na koma ga biro, tunda shi ba ya da sakatare.

Maganar kujera ce. Kujerar nan da ka sa aka kai kowace majami'a da ke ƙarƙashinka, mai doguwar baya da jan kushin, aka ce a ɗora ta a kan bagade, a rufe, kada kowa ya zauna sai ranar da ka zo. Namu bagaden ka san shi, ɗan ƙarami ne, sai da aka matse mawaƙa a kusurwa kafin ta samu wuri. Ni ma na ɗinka mata riga da farin yadi mai kauri, don ta Yayana ce. Duk Asabar in mun zo shara da matan zumunta, mu tuɓe ta, mu goge, mu mayar mata da rigarta kamar jaririya. Tun da aka kawo ta ba ka taɓa zuwa ba.

To ga abin da ya faru, don na san an kai maka shi a karkace. Baba Mai Keke ya zo sujada. Ba na cewa ka manta shi, amma mutanen da ke kanka sun yi yawa yanzu, bari in tuna maka. Tsohon mai bisharar nan ne da ya riƙa goya ka a kekensa zuwa makaranta bayan rasuwar mahaifinmu, har ya laƙaba maka Ɗan Goyo. Shi ya fara tsayar da kai gaban jama'a ka karanta Maganar Allah, yana tsaye a bayanka da hannu a kafaɗarka. Yanzu ƙugunsa ya lalace, idonsa kuma sai dishi-dishi. Bencinanmu ba su da majingina. Ana tsakiyar wa'azi sai muka ga tsoho yana zamewa gefe, zufa ta jiƙa masa riga, yana ƙoƙarin riƙe bencin gabansa hannun yana kuɓucewa.

Fastonmu ya dakatar da wa'azi. Ya waiwaya, ya yaye rigar kujerar da hannunsa, ya kira Kafinta, mai gyara mana bencina, suka sauko da ita, suka zaunar da Baba, aka ba shi ruwa. Da numfashinsa ya dawo, Fasto ya koma ya ƙarasa wa'azinsa daga inda ya tsaya. Bayan sujada aka goge ta aka mayar. Iyakar abin ke nan. Wani mai wayar da ba ta zama a aljihu ne ya ɗauki hoto, hoton ya yi ta yawo har ya iso teburinka.

Shekaranjiya sai ga Sakatarenka da mota, ya tara dattawan ikilisiya. Ya ce ranar Lahadi Fasto zai tsaya gaban jama'a ya furta cewa ya yi zunubi, ya raina shafaffe na Allah. In ya ƙi, horo ya hau kansa: ya bar wa'azi, ya koma bencin baya, ba shi ba Jibin Ubangiji. Yaya, bencin nan da muke zaunar da wanda aka kama da matar wani. Faston nan fa shi ne mutumin da ya binne mana Inna cikin ruwan sama lokacin da jirginka ya yi latti.

Ni dai har yanzu ina gaya wa mutane cewa wannan saƙo ba daga bakinka ya fito ba, masu neman shiga ne suka ƙara masa gishiri. Ka taimake ni kada in zama maƙaryaciya. Kalma ɗaya daga gare ka ta isa ta kashe maganar kafin Lahadi.

Ka gaida uwargida, ka ce mata rigar da ta aiko a rage wa hannu ta kusa. Allah ya kiyaye min kai.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai da dukan gidanka. Yaya jiki, yaya gajiyar tafiye-tafiye? Na ji an ce ka yi mura, ina fata ta sake ka. Mu muna nan yadda ka bar mu, sai dai zuciya.

Amsarka ta iso, a buge da na'ura, da hatimi a ƙasa. Ban san ana buga wa ƙanwa hatimi ba, amma na karanta. Ka ce ba maganar wanda ya zauna ba ce, maganar biyayya ce, in aka bar Fasto ɗaya ya taka doka gobe duka za su taka. Ka ce in tuna ni shugabar zumuntar mata ce, kuma wanda ya ba da muƙami yana iya karɓa. To ka karɓa. Tsintsiya da bokiti da rigimar matan aure ne, ba zan yi kuka ba. Amma zama ƙanwarka ba kai ka naɗa ni ba, don haka zan faɗi abin da ke bakina. Wa ya ba ka dokar, Yaya? Mu kai muke yi wa biyayya, kai kuma wa kake yi wa? Wanda muke bi ɗin nan, da ya so nuna wa mutanensa shi ne babba, tawul ya ɗaura ya durƙusa ya wanke musu ƙafa. Kai da kanka ka koya min wannan a tsakar gida, kana gwada wa'azi a kaina ni da kaji.

Bari in ba ka labarin Lahadi, don na san rahoton Sakatare layi biyu ne. Bayan karatu Fasto ya tsaya. Ya ce akwai abin da ya yi ba daidai ba, shi ne bai sanar da kai da bakinsa ba ya bari ka gani a hoto, kuma a kan wannan yana neman gafararka. Amma ya ce ba zai iya tsayawa a kan bagade ya kira abu zunubi ba alhali Allah bai kira shi haka ba, don in ya yi, ƙarya ya yi a wurin da aka sa shi ya faɗi gaskiya. Ya ce kai ne shugabansa, horon da ka sa ya karɓa. Sai ya cire farar kwalarsa ta fastoci daga wuya ya ajiye a kan tebur, ya sauko, ya bi tsakiyar majami'a ya tafi bencin baya, can bakin ƙofa inda muke jingine tsintsiyoyi. Matarsa ta sunkuyar da kai. Ƙaramar 'yarsu ta zame daga cinyarta ta bi shi, tana tsammani wani sabon wasa ne. Nan ne na kasa riƙe hawaye, kuma na haushi ne.

Ba zan ɓoye maka abin da na yi ba, don ba na jin kunyarsa. Da aka tashi na tara mata a shagona. Muka yanke cewa za mu sa wa majami'a kwaɗo, mu gaya wa dattawa mun fita daga ƙarƙashinka, kujerar kuma Kafinta ya zo da zartonsa a yi itacen girki da ita. Da ka ga yadda shagon ya cika har kan baranda, da ka san sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Muna cikin haka sai ga Fasto, ko kwala babu a wuyansa. Ya tsaya tsakanin keken ɗinkina da ƙofa ya hana mu. Ya ce majami'a ba tasa ba ce balle ya raba ta saboda an taɓa shi. Ya ce Allah ne ya ɗora ka a inda kake, kuma kowace safiya shi da matarsa suna durƙusawa su ambaci sunanka. Ya ce duk wadda ta taɓa kujerar nan da mugun nufi, shi ta yi wa laifi.

Na ce masa ai an riga an karɓe ikonsa, da wane baki yake ba mu umarni. Ya yi murmushi ya ce gaskiya ne, roƙo yake yi. Ka san abin da ya ba ni haushi? Duk muka bi. Kafinta ya naɗe zartonsa a buhu ya yi gida. Ni da ko maigidana sai ya zagaya kafin ya sa ni abu, na tsinci kaina ina cewa to. Mutum ba kwala ba kujera, ya yi magana a hankali an watse. Kai kuma ga hatimi ga mota ga Sakatare, har yanzu ba ka samu abin da kake nema ba. Ka zauna ka yi tunanin dalili, ni tela ce, ban yi makarantar tauhidi ba.

Saboda haka kujerarka tana nan lafiya, da rigarta. Wanda ka zaunar a bencin baya ne ya cece ta. Ina fushi da kai, ina fushi da shi, kuma ina ƙaunarka yadda na saba, abin da ya fi ɓata min rai ke nan.

A gaida yara. Ka sha ruwan ɗumi saboda murar.

Ƙanwarka da ba ta sauko ba,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata an tashi lafiya. Wannan gajeriya ce, akwai ɗinkin mutane a gabana.

Mun ɓoye wa Baba Mai Keke maganar, don yana kwance tun ranar. Da ya samu sauƙi aka kawo shi sujada, ya ji murya a kan bagade ba ta Fasto ba, ya tambaya, wata mai bakin da ba ya rufuwa ta zayyana masa komai. Sai ya ce a ɗaga shi. Ya ce in zama a kujerar ne laifin, ai shi ya zauna, da jikinsa, don haka a kai shi inda masu laifi suke. Dattawa suka yi ta roƙo, Fasto ma ya roƙa, tsoho ya ce ya girmi roƙonsu. Yanzu can yake zama, gefen Fasto, yana jingina da bango. Har ya ce bencin horon ya fi masa daɗi, tunda shi kaɗai ne mai abin jingina.

An sanar cewa kai za ka zo ranar Lahadi ka ba da Jibi, tunda babu wani naɗaɗɗe a nan sai wanda ka dakatar. Madalla, ashe ka san hanya. To bari in gaya maka yadda muke yi, kada ka ce an yi maka tarko. Jama'a suna fitowa layi-layi su karɓa. Amma tun da ƙafafun Baba suka gaza, mai ba da Jibi ne ke ɗaukar farantin ya kai masa har inda yake zaune. Bencin baya kuma ba a kai masa faranti, wannan kai ka fi ni sani. Ban shirya wannan ba, Fasto ma bai shirya ba. Na dai ce gara ka ji daga bakina tun kana gida, ka samu lokacin yin addu'a a kai.

Na gyara maka ɗaki, na wanke labule. In ka ga dama ka sauka a gidana, ba zan yi maka faɗa ba sai ka ci abinci.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Yayana, Ɗan Goyo,

Gaisuwa da fatan alheri a cikin sunan Ubangiji. Ina fata kun isa gida lafiya, hanya ba ta wahalar da ku ba. Ka tafi ba sallama, abincin da na dafa maka maƙwabta suka ci, sun ce a yi maka godiya.

Ka san abin da ya faru tunda kai ka yi shi, amma ba ka ga fuskarka ba, ni na gani. Ka shigo da farar rigarka, aka yaye wa kujera mayafi, ka zauna a kai karo na farko. Ta yi maka kyau, ba zan hana ka ba. Ko sau ɗaya ba ka kalli bakin ƙofa ba, irin rashin kallon da kake yi tun muna yara in ka fasa wa Inna abu. Aka zo Jibi, jama'a suka fito suka karɓa, ni ma na karɓa daga hannunka, ka miƙo min kamar ba ka san ni ba. Layi ya ƙare. Sakatare ya matso ya raɗa maka wani abu, ka ɗauki farin ƙyalle ka rufe farantin. Na ce a raina shi ke nan, na rasa Yayana ina kallonsa.

Da ka ɗago ne ka gan shi. Baba bai san an rufe faranti ba, tunda ba ya gani daga can. Ya haɗa tafukansa biyu ya miƙo gaba yadda ya saba kowane wata, yana jira. Mawaƙa suka kai ƙarshen waƙa, ba wanda ya ɗauko wata. Ka tsaya har na fara jin kukan fanka. Sai ka janye ƙyallen.

Majami'armu ba ta da tsawo, amma ka daɗe kafin ka kai. Bencin gajere ne, dole ka sunkuya, da sunkuyon bai isa ba ka sa gwiwa ɗaya a ƙasa, a wurin da kowa ke karkaɗe takalminsa. Ka sa masa gurasa a hannu. Ya lalubi wuyan hannunka ya riƙe, ya kira ka da sunan nan, kowa ya ji, har wasu yara suka yi dariya. Sai ya gutsura gurasar biyu ya miƙa wa Fasto rabi. Fasto bai karɓa ba. Ya bar hannuwansa a kan gwiwoyinsa, kai yake kallo, don wanda ya ɗaure, shi ne zai kwance. Ko a nan bai tsallake ka ba, Yaya. Na ga leɓenka yana motsi, ban san da wa kake magana ba, amma ba da Sakatare ba ne. Ka karɓi rabin daga hannun tsoho, ka buɗe tafin Fasto da kanka ka sa masa. Ka ba su ƙoƙo su biyu. Ka miƙe da ƙyar, sai da Kafinta ya kama ka.

Washegari Sakatare ya kira dattawa a waya ya ce an ɗage horo, Fasto ya koma aikinsa. Na gode wa Allah, na kuma gode maka, kuma na yi kuka a kan keken ɗinkina har na ɓata yadin mutane. Amma kada ka ɗauka na sauko. Gaban jama'a aka kunyata shi, da sunanka, ba a waya ba. Bakinka nake so ya faɗa, a inda aka faɗi na farko. Kuma akwai irin kujerar nan a kowace majami'a da ke hannunka, sanye da riga, tsofaffi suna zamewa a benci suna kallonta. Wannan tsakaninka ne da Wanda ka durƙusa wa ranar Lahadi, don ni na san ba Baba ka durƙusa wa ba.

Saura magana ɗaya. Da Fasto ya mayar da kwalarsa, abin da ya fara cewa shi ne daga Lahadi mai zuwa za a sauko da kujerar a ajiye ta bakin ƙofa, domin Baba da duk wanda jikinsa ya gaza. Ya ce wannan karon ba za ka gani a hoto ba, zai rubuto maka da hannunsa tun kafin a taɓa ta, in kuma ka ce horo, ya san hanyar bencin. Na riga shi ne kawai, don takardata ta fi tasa sauri. Rigar da na ɗinka mata na riga na farke ta, na yi wa Baba matashin baya da ita. Wannan ni na yi, ba wanda ya sa ni, kada ka wahalar da Sakatare da bincike.

Don haka in ka sake zuwa, kuma ina so ka zo, wataƙila ka tarar da mutum a kan kujerarka. Ka nemi benci. Zan ajiye maka wuri kusa da ni, in matsa maka kamar da.

Farar rigarka kuma, na ga ƙasa ta kama gwiwarta ta dama. Ka aiko min da ita in wanke maka da hannuna. Ko ka bar ta haka ka riƙa sawa, ban taɓa ganin rigar da ta karɓe ka kamarta ba.

Ka gaida uwargida da yara. Baba ya ce a gaya maka ka yi nauyi, yanzu kekensa ba zai ɗauke ka ba. Allah ya riƙe min kai a hannunsa.

Ƙanwarka har abada,
Auta